Ba Sabis Ɗina Ba Ne

Masu biye da ni a wannan zaure, sannunku da haƙuri. Na ga masu tambaya ko aure aka yi mini shi ya sa na ɓace. Ba a yi ba. Abin da ya ɓatar da ni bai fi ɗan yatsana tsawo ba, kuma yau labarinsa zan ba ku, shi da na wasu maza biyu da har yanzu na kasa tantance wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Khaulat, 'yar Alhaji Jumare ce ni, a nan Azare. Na gama karatu, na gama bautar ƙasa, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Shekarata ashirin da biyar, wanda a wurin Iya Yakaka, yayar Ummata, daidai yake da a ce na fara furfura. Iya Yakaka a Gololo take aure, amma tunda ta zo ganin likitan ido ta shimfiɗa tabarmarta a gidanmu ta ƙi komawa. Idon ya warke tuni. Ni ce yanzu cutar da take jinya.

Abba ba mai tilas ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Bayan ƙaramar Sallah ya kira ni falonsa, ya ce yana so kafin ya tafi aikin Hajji ya san wanda na tsayar, ko da ba a ɗaura ba, a dai yi magana tsakanin manya. Ya ce ni zan zaɓa. Na ce to, na fito zuciyata wasai, don a lokacin ina ganin ina da wanda zan nuna.

Abdulsamad ke nan. Tun kafin ya tafi Malesiya karatun digiri na biyu muke tare, Umma ta san da shi, Abba ma ya taɓa jin sunansa. Kiran waya zuwa can sai mai ƙarfi, don haka hirarmu duk a mesinja muke yi ta kwamfuta. Idan na dawo daga makaranta bayan azahar, shi a can ya gama harkokinsa ya zauna. Da can sai na sa hijabi na tafi kafe, wato shagon intanet, in zauna tsakanin samari masu warin zufa suna leƙen abin da nake rubutawa. A nan ne ɗayan ya gan ni.

Najmuddeen shi ne mai kafen da ke bayan layinmu, wanda dogon ƙarfen eriyarsa ake hangowa daga tsakar gidanmu. Injiniya yake kiran kansa. Ban san jami'ar da ta ba shi ba, na dai san wata shida ya yi a Kano wurin wani mai gyaran kwamfuta. Wayoyi uku yake riƙewa a hannu ɗaya, filashin kwamfuta rataye a wuyansa kamar laya, shaddarsa kullum ta sha sitaci har tana ƙara in ya zauna. Turarensa kuwa yana riga shi yin sallama. Idan yana magana sai ya jefa Turanci ya tsaya ya dube ka, ya ga ko ya burge.

Wata ranar Juma'a ya zo gidanmu da wani ɗan kwali, ya durƙusa gaban Abba ya ce bai dace a riƙa ganin 'yar babban gida irin wannan a kafe ba, don haka ya kawo abin da zai jawo intanet ɗinsa har cikin gida, kyauta. Yadda ya miƙa kwalin nan da hannu biyu sai ka rantse saniya ya bayar. Iya Yakaka tana daga bakin ƙofa tana ta sa albarka. Da aka buɗe, ɗan baƙin abu ne kamar filashi, wai adafta, da ɗan faifan sidi a gefensa.

Kwamfutar gidanmu irin ta tebur ce, tana ƙaramin falon Umma kusa da kabet ɗin kwanukan tangaran. Umma ta saƙa mata mayafi mai ɗinkin furanni, ta ɗora mata fulawar roba a kan allon. Akwatin nata, wanda ake ce wa sifiyu, yana ƙarƙashin tebur a lungu, manne da bango. Najmuddeen ya tattare babbar rigarsa ya sunkuya, ya soka adaftar a ramin filashi na gaba, ya sa faifan, ya danna nan ya danna can. Ɗan koren haske ya kama a jikin abin yana ƙyaftawa. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce an gama, daga yau duniya tana tafin hannuna.

Ni dariya ma abin ya ba ni a raina. Ga mutum ya sha wahala ya shimfiɗa mini hanyar da zan riƙa hira da wani. Na ce banza ta samu, Allah ya ƙara masa wauta.

Kwana kaɗan na gane irin kyautar da aka yi mini. Abin sai ya kama, in buɗe mesinja, in ga sunan Abdulsamad da ɗan hasken da ke nuna yana kan layi, mu gaisa, mu fara hira, sai koren hasken adafta ya mutu ɗif. Wani lokacin hasken yana nan amma shafi ya ƙi buɗewa. Wani lokacin kwamfutar ta yi wannan ƙarar da take yi in an zare filashi, alhali ba wanda ya taɓa ta. In zare, in mayar, ya dawo, kafin in gama rubuta jimla ya sake tafiya. In na taɓa jikinsa sai in ji shi zau kamar an ciro shi daga murhu.

Kuma kamar da gayya, ya fi mutuwa a daidai lokacin da na ɗauko maganar Abba. Sau nawa ina rubuta, Abba ya ce in fito da mutum kafin Hajji, ko za ka yi wa Baffanka magana, sai in ga sunan Abdulsamad ya dushe. Can sai wayata ta yi ƙara, saƙonsa ya shigo:

"Kin sake katsewa. Wannan ruɓaɓɓen abin naki zai kashe ni. Gobe ma ƙarasa, ki kula mini da kanki."

Ni kuma in ba shi haƙuri. Ku ji fa, ni ce mai ba da haƙuri. In zauna in tasa ɗan baƙin abin nan a gaba ina tsine masa, shi da wanda ya kawo shi.

Shi kuwa wanda ya kawo shi, kakarsa ce ta yanke saƙa. Da zarar Iya Yakaka ta ji na yi tsaki a gaban kwamfuta sai ta ɗauki wayar Umma ta ce a kira mata Injiniya. Kafin la'asar ya iso, hula ta zauna a goshi, takalmi yana sheƙi. Iya Yakaka ta tura ni in canza kaya, wai atamfar da ke jikina ta koɗe, in sa leshin nan ruwan goro, in ɗan shafa humra. Ta turara falon da turaren wuta har sai ido ya yi yaji. A jera masa kunun aya mai sanyi da dambun nama da cincin a tire. Duk wannan don mutum ya zo ya yi abin da ni ma nake yi: ya zare abin, ya hura masa iska da baki, ya goga shi a jikin rigarsa, ya mayar. Ya kama. Sai ya jingina da kujera ya ce ai su waɗannan na'urori sun san hannun masu su. Daga nan kuma hira ta ɓalle, yana ba ni labarin filin da ya saya a hanyar Misau da yadda zai sa tayil har a banɗaki, ni ina kallon agogon bango.

Na taɓa tambayarsa me ke sa abin yake mutuwa. Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya tambaye shi inda rana take kwana, ya ce abu ne mai zurfi, ba zan gane ba, in dai ya samu matsala in kira shi kawai. Ni da nake koyar da lissafi. Na haɗiye.

Abin da ban haɗiye ba shi ne ranar da ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, sai an yi mata fomatin. Na ce masa akwai tambayoyin jarrabawar ɗalibaina a ciki da hotunan bikin yayata, ya bari in kwashe. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ya san aikinsa. Na shiga kicin taya Umma tuƙa tuwo, na dawo na tarar da kwamfuta fes kamar yau aka haife ta, babu tambayoyi, babu hotuna, babu komai. Da na yi magana sai ya ce ai laifina ne da ban ajiye su a wurin da ya dace ba. Iya Yakaka ta ce hoto dai hoto ne, mutum ya bar sana'arsa ya zo yana yi mini wahala ina masa fitsara. Kafin ya kai ƙofar gida adaftar ta sake mutuwa.

A ranar na yi rantsuwa hannunsa ba zai ƙara taɓa kwamfutar nan ba.

Washegari daga makaranta na biya shagon Folashade a bakin kasuwa. Tare muka yi sakandare, iyayenta daga kudu suka zo amma ita a nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Tana sayar da filashi da faya-fayai da tawadar firinta. Na ciro abin daga jakata na ajiye mata a kan teburin shagon. Ta juya shi ta yi dariya, ta buɗe wata durowa ta nuna mini irinsa a zube kamar gyaɗa. Ta ce ita ba ta iya gyara ba, amma masu saye suna yawan dawowa su nemi doguwar wayar da ake jona shi da ita, don haka akwai dalili. Ta ba ni ɗaya ta ce in gwada.

"Amma ke ma da gangan kike," in ji ta. "Kin san ba gyara ne yake kawo shi gidanku ba. Wa zai toshe rijiyar da yake sha?"

Na ce mata na sani. Na ce daga yau ƙishirwa za ta kashe shi.

Na dawo gida na cire hijabi, na ɗaura zani a kan doguwar rigata, na kwashe fulawar Umma da mayafin na ajiye gefe. Ƙanwata Husaina, wadda take jiran sakamakon jarrabawarta ta gama sakandare ba ta da aikin yi sai kallon finafinai, ta zo ta zauna tana cin gyaɗa tana kallona. Na ce mata yadda nake gaya wa ɗalibaina in lissafi ya rikice: kar ka taɓa abu biyu lokaci guda, canza ɗaya ka ga abin da ya faru, sannan ka matsa.

Na fara da rami. Na jawo sifiyu daga lungu, ƙura da yanar gizo suka biyo shi, na zare adaftar daga ramin gaba na mayar da ita na baya. A ranar ƙarar nan ta an-zare-filashi ba ta ƙara yi ba. Ashe ramukan gaban sun yi sako-sako, ko ƙafa ka buga a tebur sai abin ya motsa. Amma sabis ya ƙara raguwa, sanda ɗaya tak kwamfutar take nunawa, don yanzu abin ya maƙale tsakanin akwatin ƙarfe da bangon siminti. Wato duk tsawon lokacin nan Injiniyanmu ya binne abin kama iska a ƙarƙashin tebur yana jiran ya hango eriya ta cikin bulo.

Kashegari na jona doguwar wayar Folashade, na ba Husaina adaftar na ce ta zagaya da ita. Ta ɗaga ta wajen ƙofa, sanda biyu. Ta kai saman kabet, biyu. Da ta kai ta tagar da ke kallon bayan layi, inda ake hango ƙarfen kafen, sai sanduna suka tashi har huɗu. Na yago bakin wani tsohon ɗankwali na ɗaure ta a jikin ƙarfen taga. Iya Yakaka ta leƙo ta ga abin yana reto, ta ce yanzu kyautar bawan Allah ce na rataye kamar ɓeran da aka kama. Na ce mata iska yake sha, Iya.

Ya yi kwana biyu lafiya, ran na uku da rana ta take ya sake mutuwa. Na taɓa shi, zafi. Rana tana dukan tagar nan kai tsaye. Na ɗauko wani tsohon faifan kaba na Umma na kafa masa inuwa ta waje, na kuma zare murfin robar da Najmuddeen ya bari a gindinsa. Ya daina zafi.

Saura matsala ɗaya. In na tashi na je salla na dawo sai in tarar ya yi barci, sai na zare na mayar. Wannan ta ci mini lokaci. Da ɗan sabis ɗin da na samu na yi ta karance-karance a zaurukan da mutane ke kai kukan irin wannan, Turancin wasu ma da ƙyar nake tsinta. A nan na gane kwamfutar ce da kanta take yanke wa ramukan wuta in ta ga an ɗan bar ta, wai tattali. Na bi inda aka kwatanta na cire alamar da ke ba ta wannan izini. Na kuma gano manhajar da ta zo a faifan da ta cikin kwamfutar suna ta kokawa a kan wa zai riƙe sabis, kamar mata biyu a kan ludayi ɗaya. Na kashe ta faifan. Na sauko da sabon direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta fahimci adaftar, na maye gurbin tsohon.

Tun daga ranar koren hasken nan bai ƙara mutuwa ba, sai in an ɗauke wuta.

Labari ya kai wa mai kafe, ta bakin wa kuma in ba Iya ba. Saƙonsa ya shigo da yamma:

"Gimbiya na ji kin taɓa saitin da na yi. Hatsari ne fa, zai iya ƙona kwamfutar. Bari in zo in duba."

Na rubuta masa, "Ta warke. Na gode." Ya turo wasu guda uku a jere, har da mai zanen fure da aka haɗa da alamomin rubutu. Ban buɗe na ƙarshen ba.

Ranar Asabar na shirya kamar mai zuwa biki, ko da yake ba ganina Abdulsamad zai yi ba. Na yi wanka, na sa doguwar riga mai ruwan zuma, na zizara kwalli. Zuciyata fes. Na ce yau babu abin da zai tsaya tsakanina da amsar da nake nema. Ban gaya masa na gyara ba, so nake in ba shi mamaki in mun yi doguwar hira ba yankewa.

Yana kan layi. Muka gaisa, ya ba ni labarin ruwan saman da ake yi musu kullum da wata shinkafa mai kwakwa da ya ci. Ya ce ya yi kewar kilishin Azare da muryata. Hira tana ta tafiya sumul, har na ga ya fara mamaki, ya rubuto cewa yau abin nawa ya yi hankali. Na yi murmushi ni kaɗai. Sannan na rubuta:

"Abdul, maniyyata sun kusa tashi. Abba yana jirana. Yaushe Baffanka zai zo?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Sai sunansa ya dushe.

Da sabo, hannuna har ya tafi zai zare abin. Sai na ɗaga kai na dubi taga. Koren haske yana nan yana ƙyaftawa abinsa. Sanduna huɗu cif. Na buɗe shafin labarai, ya buɗe nan take. Na ga Folashade a kan layi daga shagonta, na rubuta mata kina ganina, ta amsa da ina ganinki mana, lafiya? Ina cikin karanta amsarta wayata ta yi ƙara a kan tebur.

"Kin sake katsewa. Gaskiya ki jefar da wannan abin. Gobe ma yi magana, ki kula mini da kanki."

Jama'a, na karanta saƙon nan na sake karantawa. Ban ji kuka ba. Wani sanyi na ji yana bin bayana, irin wanda kake ji in ka ɗaga tabarmar da ka daɗe kana kwana a kai ka ga abin da ke ƙarƙashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sau nawa abin ya mutu da gaske, sau nawa kuma wannan bawan Allah ya laɓe a bayansa? Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Husaina tana kwance a doguwar kujera. Ita ma tana da mesinja, kuma yana cikin mutanenta, don yakan tsokane ta yana ce mata ƙanwarmu. Na ce ta zo ta shiga da sunanta. Ta dube ni ta ga fuskata, ba ta yi musu ba. Na fita daga nawa, ta shiga nata.

Ga shi nan. Sunansa tar da haske, yana kan layi. Ni kaɗai ya ɓoye wa kansa.

Na janye allon rubutun daga gabanta. Na san ba kyau, ba sai kun gaya mini ba. Na rubuta kamar ita ce, na ce Yaya Abdul ina wuni, ga Anti Khaulat can ranta a ɓace wai sabis ya yanke mata kuna tsakiyar magana. Bai ɓata lokaci ba ya amso. Ya ce in lallashe ta. Ya ce shi ma abin yana damunsa. Na ce ai maganar Abba ce take so ku gama. Ya ɗan jima, sannan ya rubuto abin da zan kawo muku yadda yake:

"Ƙanwata ke mai hankali ce, zan gaya miki amma ya tsaya tsakaninmu. Na samu gurbin digiri na uku a nan tun watannin baya, na karɓa. Ba zan dawo nan kusa ba, kuma ban shirya aure yanzu ba. In na gaya mata za ta kula wani. Ki taya ni riƙe ta, in Abba ya tafi Hajji maganar za ta lafa."

Ki taya ni riƙe ta. Kamar akuyar da aka ba makwabci kiwo. Ba zai aura ba, ba zai saki ba, ba zai ma iya buɗe baki ya faɗa mini ba, sai dai ya nemi yarinyar da ba ta gama sanin ciwon kanta ba ta yi masa gadi. Najmuddeen aƙalla wautarsa a fili take, yana tafe tana ƙara kamar shaddarsa. Wannan kuwa mai karatun, mai lafazin nan da nake adana saƙonninsa ina bita, ashe ko zuciyar da zai ce a'a ba shi da ita. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Husaina ta karanta ta kan kafaɗata, ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa. Na ce kar ta soma, ba a yi namijin da za a yi wa kuka a falon nan ba yau. Na gyara zama na rubuta:

"Ba Husaina ba ce. Na gyara abin tun tuni, sabis ɗina lafiya lau. Allah ya ba da sa'ar karatu."

Alamar rubutu ta taso, ta tsaya, ta taso, ta tsaya. Ban jira ba, na rufe.

Ina mayar wa kwamfutar mayafinta Umma ta ɗaga labule ta ce Abba ya dawo daga gonarsa ta Udubo, yana nemana a falonsa. Ta ƙara da cewa, a hankali, Iya Yakaka tana can tun ɗazu, wai kawun Najmuddeen ya aiko yana neman ranar da za su zo gaisuwa. Ta dubi kwalliyata ta dubi idon Husaina, ta saki labulen.

Na sa hijabi na ɗauki wayata. Ina tsakar gida ta fara ruri. Doguwar lamba ce ta ƙasar waje. Mutumin da tunda ya tafi bai taɓa kirana ba sai ranar Sallah, yau ya samu kati. Ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Na danne ƙarar na shiga da sallama.

Abba yana kan darduma da jallabiya, ƙafafunsa da sauran jar ƙasar gona. Iya Yakaka ta baje lafayarta a kujera tana ta zuba, wai yaro mai sana'a, mai ladabi, ga fili ga mota tana hanya, kuma duk unguwa an shaida irin hidimar da yake wa gidan nan. Abba ya bar ta ta kai aya. Sannan ya dube ni ya ce lokaci ya matso, ya ji batun Najmuddeen, ya kuma san akwai na ƙasar waje. Wanne ne?

"Babu ko ɗaya, Abba," na ce.

Iya Yakaka ta saki salati ta dafe ƙirji, ta fara cewa ai dama ta faɗa, boko ne ya yi mini yawa. Abba ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba, ta yi shiru. Ya juyo yana kallona. Ni kuma na kafe idona a kan zanen dardumarsa, don na san in na ɗago zai karanta komai.

Wayar ta sake kawo haske a hannuna, tana rawa a cikin hijabi. Kowa a ɗakin yana jin gurnaninta.

"Na wajen ne?" in ji Abba.

Na gyaɗa kai.

Ya ajiye carbinsa a gefe, ya gyara zama, ya nuna tabarmar da ke gabansa.

"Ajiye ta a nan. Ki ɗauka, ki buɗe muryar yadda kowa zai ji. Ke kuma kar ki ce komai, ni zan amsa sallamar."